Mai Sunan Malam

Ni da kwamfuta tsohuwar gaba ce tsakaninmu, gara in faɗa tun da wuri. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina buga tafireta a wani ofishin gwamnati a nan Bauchi, har yatsuna suka san mazaunin kowane harafi ko an ɗaure mini ido. Rana ɗaya aka shigo da waɗansu akwatuna masu gilashi, aka zaunar da yara sa'annin 'ya'yana a gabansu, ni kuma aka tura ni ɗakin ajiyar fayil ina korar kyankyasai har lokacin ritayata ya yi. Tafiretar tawa kuwa, da idona na ga an tokare ƙofar sito da ita don kada iska ta rufe. Wallahi abin ya ci mini rai, kuma na daɗe ban huce ba.

Da na ajiye aiki sai zaman gida ya ishe ni. Maigidana ya riga mu gidan gaskiya, yara kowa ya kama gabansa, gidanmu na Gwallaga ya zama daga ni sai rediyo da ƙarar babura a lungu. Ana haka 'yar wata ƙawata ta buɗe gidan renon yara can kusa da barikin Shadawanka. Na je yi mata murna, na tarar da ita da jariri a kafaɗa, wani na jan zaninta, wani ya tsoma hannu a bokitin wanki. Na ce mata, "'Yar nan, ba ki ga kina neman hannu ba?" Ta ce, "Mama, ba ni da abin da zan biya ki." Na ce, "Wa ya tambaye ki? Ki dai tanadar mini tabarma da buta." Daga ranar kullum da safe nake tare keke in tafi, sai an kusa magariba in dawo.

Yaran ba su kai ashirin ba a lokacin. Iyayensu mata akwai matan sojoji masu sana'a a kasuwar bariki, akwai ma'aikatan ofis, akwai masu aikin asibiti. Kowace ƙabila ka sani akwai ɗanta a wurin, kuma duk Hausa ce ta haɗa su, irin Hausarmu ta bariki da mace ma "ya zo" ake ce mata. Dukansu Kaka suke kirana. Na san takalmin kowa, na san wanda ba ya barci sai an shafa masa kunne, na san wadda ke ɓoye nama a kumatu har la'asar. Idan aka yi kuka a ɗaki ina tsakar gida, ba sai na leƙa ba, na san mai shi kuma na san dalili.

A shekara ta biyu aka fara raɗe-raɗin satar yara a gari. Ko gaskiya ne ko ƙari, ban sani ba, amma hankalin iyaye ya tashi, kuma ba na ganin laifinsu. Mai gidan renon ta sayo kwamfuta ta ajiye a kan tebur a bakin ƙofa. Aka zuba sunan kowane yaro a ciki, tare da hoton duk wanda aka yarda ya zo ɗaukarsa. Ka zo, ka faɗi sunan yaronka, a buga, hotonka ya fito, a danna cewa ya fita, sannan a ba ka shi. In hotonka bai fito ba, ko kai ka haife shi da cikinka, sai dai ka yi haƙuri. Aka kuma maƙala kyamara a bango, wai iyaye su riƙa kallon 'ya'yansu ta waya suna wurin aiki. Akwai wadda ta taɓa bugowa daga ofis ta ce hular ɗanta ta karkace, a gyara masa. Na ce ikon Allah, mu da muka yi reno a bayan kakanninmu ko ta yaya muka rayu?

Ba can kaɗai ba ne, duk garin ne ya koma haka. Na je tantance 'yan fansho, na'ura ta ce ba ta san babban yatsana ba, ga ni tsaye da raina da lafiyata, ma'aikacin ma ɗan maƙwabtanmu ne da na halarci sunansa, amma ya ce, "Hajiya, ni na san ki, ita ce ba ta san ki ba." Lokacin salla ma yanzu sai an duba waya, ba mai ɗaga kai ya dubi rana. To, a gidan renon ma haka. Akwai wata malama da ke zama a teburin, yarinya mai hankali da tsabta, ta gama kwalejin horon malamai. Kafin kwamfuta ta zo ta san fuskar kowace uwa. Bayan 'yan watanni sai na lura mutum zai tsaya a gabanta yana gaishe ta, idonta na kan gilashi. Ko ƙirga yara za ta yi, ba kawunansu take ƙirgawa ba, lambar da ke kan allon take karantawa.

Ta sha ce mini, "Kaka, zo in koya miki mana, minti biyar ne." Ni kuma in ce, "Rabu da ni. Na yi wa uwarta tafireta bauta shekara talatin, da me aka saka mini? Ba zan durƙusa wa 'yar ba." Sai ta yi dariya ta ƙyale ni. Na rantse a raina ba zan taɓa abin nan ba, kuma na riƙe rantsuwata.

A cikin yaran akwai wani ɗan shekara uku, siriri, fari, mai manyan idanu, ba ya son hayaniya. Ubansa soja ne, Bafulatani, a barikin suke zaune. Uwarsa tana aiki a wani ofis a cikin gari, kuma a lokacin tana da tsohon ciki, har tafiya sai ta dafe ƙugu. Hoto biyu ne kawai a ƙarƙashin sunansa a kwamfuta, na uban da na uwar.

Ranar da abin ya faru damina ce, bayan azahar. Mai gidan renon ta tafi gaisuwar rasuwa, daga ni sai malamar sai mai dafa wa yara abinci. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, iska ta taso. Mun shimfiɗa wa yara katifu suna barcin rana. Sai aka yi sallama a bakin ƙofa, mai sallamar na shigowa aka ɗauke wuta, kwamfuta ta koma kan batirinta.

Wata tsohuwa ce doguwa, ramammiya, da baƙin mayafi da ya sha rana, da takalmin roba, da ƙullin wani abu a hannu. Ta gaishe mu a natse, Hausarta da ɗanɗanon Fulatanci, ta ce an aiko ta ta ɗauki yaro.

Malama ta gyara zama ta ce, "To, Inna, yaya sunan yaron?"

Tsohuwar ta ce, "Mai sunan malam."

"Wane malam? Sunansa na yanka nake so, wanda zan buga a nan."

Tsohuwar ta ja bakin mayafinta ta rufe baki. Ta ce, "Ɗan fari-farin nan, na gidan soja. Mai sunan malam."

"To, sunan babansa fa?"

Ta ƙara jan mayafin.

"Mamansa?"

Ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta.

Malama ta dube ni, na ga tsoro a idonta. Ta gane yaron da ake nufi, don ɗan soja fari guda ɗaya muke da shi. Ta buɗe sunansa, ga hoton uba, ga hoton uwa, babu tsohuwa. Ta kira wayar uwar har sau uku, tana ta ringi ba a ɗauka. Ta kira ta uban, a kashe. Sai ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ba ki san sunan yaro ba, ba ki san na uwarsa ba, ba ki san na ubansa ba, kuma hotonki ba ya ciki. Ba zan iya ba ki shi ba." In faɗi gaskiya tsakanina da Allah, yarinyar nan ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Abin da aka ce ta yi shi ta yi.

Tsohuwar ba ta yi musu ba. Ta juya ta fita, ta sami gindin katanga a waje ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙullinta a cinya. Can sai wani jariri ya ɓata jikinsa, malama ta ɗauke shi ta nufi bayan gida da shi. Na rage ni kaɗai a bakin ƙofa.

Ashe yaron ya farka. Ban san lokacin da ya fito ba, sai ganinsa na yi ya kama ƙarfen ƙofa da hannu biyu yana leƙe. Da ya hango ta sai ya fara tsalle yana wata magana da Fulatanci, shi da sai ya wuni bai ce uffan ba. Ta amsa masa daga inda take zaune, ba ta taso ba. Na buɗe ƙofa na fita na durƙusa kusa da ita.

Na ce, "'Yar'uwa, abu ɗaya nake roƙon ki. Ki raɗa mini sunansa a kunne, ba mai ji, in ba ki shi ku tafi."

Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe a kasuwa. Ta ce, "Haba Hajiya. Ni in kama sunan malam da bakina? Shekara arba'in muna tare ban kama ba, sai yau da yake ƙasa?"

Na ce, "To, uban yaron?"

"Ɗan fari ne."

"Uwar fa?"

"Matar ɗan fari ce." Sai ta ƙara da cewa, "Ba komai, zan jira. Ko zuwa dare ne."

Duk wanda ya tashi a inda muka tashi ya san wannan. Mace ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama na ɗanta na fari, kuma idan aka mayar wa jika sunan kakansa, shi ke nan, shi ma sunansa ya fi ƙarfin bakinta. Fulani kuwa sun fi mu tsanani a wannan kunyar. Ni kaina 'yata ta fari tana da 'ya'ya huɗu yau, ban taɓa kiran sunanta ba. A wayata ma da aka sa mini lambarta, cewa na yi a rubuta "Ita". Sai na yi tunani a raina: ɓarauniya da ta zo satar yaro, sunansa za ta fara haddacewa, ta rera shi tun daga bakin titi. Wadda ta gwammace ta zauna a ƙasa hadari na tahowa da ta faɗi kalma ɗaya, wannan kakarsa ce, ko a gaban alƙali.

Na shiga na ɗauko jakarsa da ɗan fulas ɗinsa, na sa masa takalmi, na miƙa mata shi. Ta goya shi, ta tamke da mayafin, ta yi mini godiya, ta tafi. Ban tambaye ta wa ya aiko ta ba. Ban tambaye ta ina za su ba. Na zaci cikin uwar ne ya tashi, amma na ga ba maganar da zan sa suruka ta faɗa ba ce, sai na bar ta.

Wannan duka da sauƙi. Babban laifina shi ne, da malama ta dawo ta tambaye ni ina tsohuwar, cewa na yi, "Ta tafi." Ban ƙara ko kalma ba. Ba na son gardama da 'yar cikina, na ce bari mai wurin ta dawo in yi mata bayani da kaina. Kuma da yake na rantse ba na taɓa kwamfuta, ba wanda ya danna cewa yaron ya fita. Malama ta dubi allo ta ga lamba ta cika, hankalinta ya kwanta. Yara suka tashi daga barci, wannan na neman ruwa, wancan ya ciji wancan, har na sha'afa.

Bayan la'asar sai ga uban a kan babur, cikin kaki, gumi na zuba. Daga wurin aiki yake, wayarsa ta mutu tun safe. Ya gaishe mu da fara'a kamar kullum, ya faɗi sunan ɗansa. Malama ta buga ta ce, "Yana ciki, bari in kawo shi." Ta shiga. Ina jin ta tana kiran sunan daga ɗaki zuwa ɗaki, muryarta na ƙara tashi. Ta fito idanu waje.

Na miƙe na ce, "Ba ya nan. Ni na ba da shi. Kakarsa ce ta zo."

Ya ce, "Wace kakar?"

"Mahaifiyarka."

Fara'ar nan ta ɗauke daga fuskarsa kamar an hure fitila. Ya ce, "Mama, mahaifiyata tana ruga can bayan madatsar ruwan Gubi. Ba ta taɓa taka ƙafarta nan ba, ba ta san hanya ba, ko waya ba ta da ita. Wa ya nuna mata nan?"

Malama ta fashe da kuka tana cewa, "Na hana ta, wallahi na hana ta! Ko sunansa ba ta sani ba!" Na ce ba rashin sani ba ne, kunya ce, mai sunan malam ta ce. Na ce yaron da kansa ya yi murna da ganinta. Ya ce, "Mama, yaro ne fa. Ko alewa aka nuna masa zai yi murna. Mai sunan malam kuma, gida nawa ne a garin nan ba su da mai sunan malam?"

Aka ce a duba kyamara. Ashe tun da aka ɗauke wuta ta mutu, ba wanda ya tada janareta. Abin da ta kama na ƙarshe shi ne bayan wata mata mai baƙin mayafi tana shigowa. Ya ƙura wa hoton ido, ya ce zai iya zama ita, zai iya zama kowa.

Duk hujjar da na gina a gindin katanga, da na ji ta daga bakina a gaban uban yaro, sai na ji ba ta da nauyin komai. Idan wata ce ta san halinmu ta yi amfani da shi fa? Ai ni ma da na gane, wani mugun zai iya ganewa. Ya dube ni ya ce, "Mama, idan ɗana ya ɓata…" Bai ƙarasa ba, ya juya ya hau babur. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Tsaya, ɗan nan. Ƙafata ƙafarka." Ni da ko ɗan acaɓa ba na hawa saboda ciwon gwiwa, ban san yadda aka yi na ɗare bayan babur ɗin nan ba. Ina riƙe da ƙarfe, mayafi na tashi, duk addu'ar da na sani na karanta ta, har da ta shiga kasuwa.

Muka tarar da ɗakinsu a bariki a kulle, wayar matar na ta ringi a ciki da ya kira da wayata. Sai wata maƙwabciyarsu, matar wani soja, ta leƙo ta ce, "Oga, ina ka shiga? Madam ya tafi asibiti tun rana, ciki ya tashi! Mama ya zo da safe, ya kawo nono da man shanu. Ni ne na sa shi a keke, na gaya wa mai keke makarantar yaro. Madam ya ce ya ɗauko shi ya same su a asibiti."

Na dafa bango na ce, "Alhamdulillahi." Ashe dai ita ce. Ya dube ni, na ga kafaɗunsa sun sauka. Muka kama hanyar asibiti, aka fara yayyafi.

Mun sami matar ta sauka lafiya, an sami 'ya mace, tana kwance a gajiye. Kafin ya yi mata barka ta riga shi da tambaya, "Ina Inna da yaron?" Ba su zo ba. Ba wanda ya gan su a ɗakin haihuwa. Na lissafa a raina, sun fi awa biyu da barin wurinmu, tafiyar da ba ta wuce ta ɗan lokaci ba a keke.

Tsoron da ya kama ni a nan ya fi na farko. Tsohuwa ce da ba ta san gari ba, ba waya, ga goyo, ga ruwa ya fara sauka da ƙarfi. Kuma in ta ɓata, wa za ta ce tana nema? Ɗanta ba za ta kama sunansa ba. Surukarta haka. Jikan da ke bayanta haka. Abin da ya sa na yarda da ita, shi ne zai hana kowa a garin nan ya taimake ta. Ni kuma na sake ta ba tare da na ce a rubuta mata ko 'yar takarda ba.

Uban ya ce zai bi titi yana dubawa. Na ce ya dakata. A bakin shiga asibitin akwai wani ma'aikaci zaune a bayan kwamfuta, duk mai neman marar lafiya ta wurinsa yake bi. Na je na ce, "Ɗana, don Allah wata tsohuwa ba ta zo nan da goyo ba?" Ya ce, "Ta zo, Hajiya, tun ɗazu. Na tambaye ta sunan marar lafiyar in duba mata ɗaki, ta ƙi faɗa. Na ce to sunan mijin, ta ƙi. Mata sun fi goma a ɗakin haihuwa yau, ban san wadda zan tura ta wurinta ba. Na ce ta ɗan jira ko za ta tuna." Ya nuna waje da biro.

Can gefen katanga akwai wata rumfar kwano da ake ajiye babura. Tana zaune a ƙasa tsakanin babura biyu, ta juya wa feshin ruwa baya, duk bayanta ya jiƙe sharkaf. Yaron na kan cinyarta a bushe, ta lulluɓe shi da mayafin, ta kwance ƙullin nan nata, ashe dawo ne, tana gutsura tana sa masa a baki.

Sojan nan da ɗazu na ji tsoron idonsa, sai ga shi ya cire hula ya durƙusa cikin ruwa nesa kaɗan da ita. Ya gaishe ta da Fulatanci, kansa a ƙasa. Ta kau da fuska gefe, ta amsa can ƙasa-ƙasa kamar da bango take magana. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ni ta duba ta ce, "Hajiya, ke ce? An sauka?"

Na ce, "An sauka lafiya. Mace ce."

Ta ce, "Madalla. Na sami ƙawa."

Na zauna daɓas a jiƙaƙƙen siminti kusa da ita, na kama ƙafar yaron nan na riƙe, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar maigidana. Daɗi ne, da kunya, da tsoron da ya sake ni lokaci guda. Yaron ya dube ni da manyan idanunsa, ya ciro dawon da ke bakinsa ya miƙo mini. Tsohuwar kuwa sai cewa take, "Ayya, Hajiya, me ya faru? Wani ne ba lafiya?" Ita ba ta ma san an neme ta ba.

Washegari mai gidan renon ta zaunar da ni. Ba ta ɗaga murya ba, ai 'yar ƙawata ce, amma ta faɗa mini gaskiya. Ta ce, "Mama, ganewar da kika yi daidai ce, Allah ya rufa mana asiri. Amma shirun da kika yi fa? Da kin faɗa, da an rubuta, da uban ya zo an ce masa ga wadda ta ɗauka, ga lokaci." Na buɗe baki zan kawo tsohuwar zuma da ake magani da ita, sai na tuna fuskar mutumin nan a bakin ƙofa, na rufe bakina. Na nemi malama na ba ta haƙuri a gaban mai dafa abinci, don a gabanta na sa ta kuka. Sannan na ja kujera na zauna a teburin na ce, "To, minti biyar ɗin nan naki, zo mu gani."

Ta turo mini abin bugawar. Na ɗora yatsuna a kai ina ɗaure fuska, sai na ji wani abu. Haruffan nan duk suna inda na bar su. Wanda ke ƙarƙashin ɗan yatsana na hagu yana nan, na dama yana nan, ba wanda ya gusa. Na rufe ido na buga sunan yaran wurin ɗaya bayan ɗaya, ban kuskure ko ɗaya ba. Malama ta riƙe baki ta ce, "Kaka! Ashe kin fi ni sauri?" Na ce, "Da kina tsammani wasa na yi shekara talatin?" Na yi shekaru ina gaba da abin da yatsuna suka riga suka sani, kuma ban faɗa wa kowa yadda hakan ya yi mini daɗi ba sai yau.

Bayan suna da kwana biyu sai ga sojan da mahaifiyarsa. Za ta zauna da su har mai jego ta gama wanka, ita za ta riƙa zuwa ɗaukar yaron, don haka ya kawo ta a sa hotonta. Ta tsaya can nesa da shi, shi ma bai matsa ba. Malama ta ɗauke ta hoto da ƙyar, don sai rufe fuska take yi. Ni ce a kan kujera. Hoton ya fito, a ƙarƙashinsa ga gurbi fari yana jiran a cike.

Na ɗaga kai na dube shi na ce, "To, ɗan nan, yaya sunanta?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi inda take tsaye, ya dubi takalminsa. Mutumin da ya tsare ni da ido a wannan bakin ƙofa kan mun ba da ɗansa ga wadda ba ta faɗi suna ba, sai ga shi yana murza hula a hannu kamar ɗan makaranta.

Ya ce, "Haba Mama. Ke ma kin sani."

Na ce, "Na sani."

Na ɗora yatsuna na buga: Kakar mai sunan malam. Na danna. Kwamfutar ta karɓa, ba ta ce komai ba.